Inda Baba Ya Karkatar da Bututu

Bari in fara faɗin laifina da bakina, kada wani ya riga ni. Ina cikin waɗanda suka yaɗa maganar ƙarfen sabis. Saƙon muryar nan da ya zagaye unguwa, na wata mata da ba wanda ya san fuskarta, tana rantsuwa cewa dogon ƙarfen da kamfanin waya ya kafa a bayan makaranta shi ke dafa hanjin yara, ni da wannan yatsan nawa na tura shi guruf huɗu na hira a waya. Har na ƙara da cewa a taimaka a yaɗa. To me kuke so in yi? Ƙarfe ya tashi, ba a rufa wata guda ba yara suka fara amai da gudawa. Ko ku ne ai kwa haɗa biyun.

Ni tela ce. Shagona a jikin gidan Babanmu yake, ɗakin da ke kallon titi: keken ɗinki biyu, teburin yanka, madubi mai tsaga a kusurwa, da benci guda da bai taɓa yin sanyi ba. Duk maganar da za a yi a unguwar nan sai ta zauna a kan bencin nan tukuna. Mace za ta zo karɓar riga ɗaya, sai ta yi awa biyu, ta tafi ta manta rigar.

A lokacin saura sati shida zaɓen shugaban gari, kuma 'yan takara biyu ne masu ƙarfi. Ɗaya muna ce masa Mai Lasifika, saboda lasifika huɗu ya ɗaura wa motarsa, yana yawo yana alkawarin ranar da ya hau kujera zai kayar da ƙarfen da hannunsa. Ɗayan Mai Fili, domin a filinsa aka kafa ƙarfen. Shi kuma cewa ya yi babu wata cuta, ƙazantar iyaye mata ce kawai. Mu ne ƙazamai? Wallahi ranar da na ji wannan magana sai da na karya allurar keke don haushi. Daga nan unguwa ta rabu biyu. In ka ce ƙarfe ne, kai na Mai Lasifika ne. In ka ce ba shi ba ne, an saye ka. Yara kuwa suna ta kwanciya, har ƙaramar 'yar Mai Wanki, wanda shagonsa ke ƙarshen layinmu, ta rasu ran wata Talata. Shekararta uku.

Yayata nas ce a ƙaramin asibitin unguwa, kuma tun muna yara halinta ke ba ni haushi. Ka kawo mata labari da zafinsa, sai ta dube ka ta ce, “Wa ya faɗa? Shi ya gani da idonsa? Su nawa ne?” Har labarin ya huce a hannunka. Tun satin farko take bin mutane tana cewa a tafasa ruwan sha, su kuma suna cewa kamfanin waya ya cika mata jaka. Ni kaina na faɗa mata, ban ɓoye ba.

Ran Laraba da la'asar ta shigo shagona da farin kayanta, ko sallamar kirki babu, ta ture yadin mutane gefe, ta shimfiɗa wani faffaɗan kwali a kan teburin yanka. Ta zana layukan unguwa a kai da biro, gida-gida.

“Ba ni alluranki masu kai,” in ji ta.

“Yaya, da kuɗi fa na saye su.”

“Miƙo.”

Na miƙa mata gwangwanin ina gunaguni. Ta buɗe littafinta na asibiti, tana karanta gidan da aka kawo yaro marar lafiya, tana soka allura a kan gidan. Guda arba'in da uku ta soka. Da ta gama sai ta ɗora murfin kwalba a bayan makaranta ta ce, “Ga ƙarfenku nan. In shi ne, ina ya kamata alluran su taru?”

Na ce, “Kewaye da shi mana.”

“To duba.”

Na duba. Gidajen da ke gindin ƙarfen, waɗanda inuwarsa ke faɗa wa tsakar gida, ko allura ɗaya babu. Alluran sun yi layi ne, siriri, sun faro daga wajen tsohon gidan burodi, sun yi wata 'yar gwiwa, sun gangara har shagon Mai Wanki. Amma da yake ni ce, sai na ce wataƙila iska ce ke kaɗa abin ta can.

“Iska mai bin layi ɗaya tana shan kwana?” in ji Yaya. “Ruwa nake zargi. Amma na je hukumar ruwa, sun nuna min taswirarsu. Bututun layin nan a miƙe yake sak, ta tsakiyar titi, nesa da kwata. Sun auna ruwa a matatarsu, sun auna a famfon makaranta, lafiya lau. Wannan gwiwar ce ta hana ni barci. Ban san abin da ke shan kwana a nan ba.”

Muna cikin haka Baba ya shigo neman almakashi zai yanka roba.

Sai na gaya muku wane ne Babanmu, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya biyo baya ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana shimfiɗa bututu a hukumar ruwa kafin ya yi ritaya. Rabin famfunan garin nan hannunsa ne. Ba wanda ke kiransa da sunansa, sai Ba Yoyo, domin abin da yake faɗa ke nan duk lokacin da ya ɗaure haɗi ya miƙe yana share hannu: “Ba yoyo.” Ranar da ya ajiye aiki, ni na ɗinka masa wannan laƙabin da jan zare a bayan shuɗiyar rigar aikinsa, kuma shi ne aikin ado na farko da na taɓa yi. Har gobe in maƙwabta suka kira shi gyaran famfo, sai ya saka rigar nan, ya soka sifana a aljihu, yana tafe yana buɗa kafaɗa. Mu kuwa tun muna 'yan makaranta, in aka tambaye mu 'ya'yan wane ne, ba ma tsayawa dogon bayani. Mu 'ya'yan Ba Yoyo ne, magana ta ƙare.

Baba ya tsaya a kan kwalin nan, almakashi a hannu. Sannan ya sa yatsa ya bi layin alluran a hankali, da ya zo gwiwar sai yatsan ya tsaya.

“Wannan gidan fa?” ya nuna wani da ke tsakiyar layin amma babu allura.

“Rijiya gare su, Baba,” in ji Yaya.

“Wannan kuma?”

“An yanke musu famfo tun bara.”

Sai ya ajiye almakashin, ya zauna a bencin mata, abin da bai taɓa yi ba. Na ga gumi a goshinsa alhali fanka na juyawa.

“Ba iska ba ce,” in ji shi. “Ni ne na sha kwanar nan.”

Ya ba mu labari, idonsa a ƙasa. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, takardar aiki ta ce bututu ya bi miƙe. Amma a lokacin titin bai kai faɗin yanzu ba, kuma miƙen nan ya ratsa ta ɗakin wata tsohuwa mai gidan burodi, sai an rushe mata bango. Tsohuwar ta zauna a bakin ramin tana kuka. Baba ya dubi abokan aikinsa, suka dube shi, sai ya karkatar da bututun ya bi ta gefen wata 'yar magudanar ruwan sama, ya dawo kan hanya a gaba. Bai gaya wa ogansa ba, don ya san ba zai yarda ba. Ya ce a ransa gobe zai je ofis a gyara taswira. Goben nan ba ta zo ba. Tsohuwa ta rasu, aka faɗaɗa titi, 'yar magudana ta zama babbar kwatar da duk ƙazantar unguwa ke bi, aka rufe ta da siminti.

“Yanzu bututun a cikin kwata yake kwance,” in ji shi. “In ya tsage, lokacin da akwai ruwa zai riƙa fesarwa waje, ba wanda zai gani. Amma da an ɗauke ruwa, bututu zuƙa yake yi. Abin da ke kewaye da shi zai sha. In aka dawo da ruwa da safe, shi za a fara tura wa mutane.”

Yaya ta dafe kai. Ni kuwa nan take na hango abin da ke tafe. Na tashi na rufe ƙofar shago.

“Baba, maganar nan ta tsaya a ɗakin nan,” na ce. “Yaya ta je ta ce ita ta gano. Ko a rubuta takarda ba suna a jefa musu. An rasa rai fa! Kana ganin mutanen da ke shirin kayar da ƙarfe da igiya, in suka ji mutum ne mai jini a jika, me za su yi?”

“Auta, buɗe ƙofar nan, zafi ake yi,” in ji shi kawai.

Washegari da safe ya saka rigarsa, muka raka shi hukumar ruwa. Injiniyar da ke kula da shiyyarmu mace ce mai tabarau, mai ladabi, har ta ba shi kujerarta. Ta saurare shi tsaf. Sannan ta buɗe taswira a kwamfuta ta juyo masa da ita.

“Baba, na ji ka, kuma ban ƙaryata ka ba. Amma ba ni da ikon fasa titi a kan abin da babu shi a takarda. Sai na aika ruwan layin a auna, sakamako ya dawo, in rubuta, a sa hannu a sama. Sati biyu, in an yi sauri. Ga zaɓe a gaba, kowa na tsoron a ce ya fasa titi don ya taimaki wani ɗan takara.”

“Sati biyu yara nawa ke nan?” Baba ya tambayi Yaya.

“Yadda ake tafiya, kusan ashirin.”

Muka fito bakin titi. Nan ya ce ranar Asabar da safe akwai muhawarar 'yan takara a zauren makaranta, kuma zai je.

Kwana biyun nan ban bar shi ya huta ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na kira Gwaggo a waya ta yi masa magana, na ce ya tuna Yaya na aiki a cikin mutanen nan, ni ma da su nake ci. Har na ce masa, “Shekara talatin da huɗu kana gina suna, za ka je ka rushe shi da bakinka a minti biyar?” Allah ya yafe min, sunan nake ji, ba yaran ba. Shi kuwa yana zaune yana goge sifanarsa da tsumma. Da na ishe shi sai ya ɗago ya ce, “In Yayarki ta faɗa, za su ce an saye ta. In takarda ba suna ce, za su ce ta Mai Fili ce. Amma ba wanda zai ce an biya mutum don ya zo ya tona wa kansa asiri. Ni kaɗai za su yarda da ni, Auta, don ni kaɗai zan yi asara.”

Ranar Asabar zauren makaranta ya cika har tagogi. An jera tebur a gaba, 'yan takara biyu a zaune, shugaban makaranta na raba magana, Injiniya a gefe da takardunta. Mai Lasifika ya tashi ya yi ta zuba, ya ce a wata ƙasa ma an kayar da irin ƙarfen nan guda ɗari, bai dai faɗi wace ƙasa ba. Aka yi tafi kamar rufin zai tashi. Mai Fili ya tashi ya ɗaga takardar hukumar ruwa, ya ce ga shaida ruwa lafiya lau, ƙarfe lafiya lau, a koya wa mata wanke hannu. Mata suka yi masa ihu, har da ni, ban iya daurewa ba. Awa guda ana abu ɗaya, kowa na jifan kowa da abin da ya ji a waya.

Da aka ba jama'a dama, Baba ya miƙe. Yana sanye da rigar, jan rubutun nan a bayansa kowa na gani. Yaya ta bi shi da kwalin alluran a hannu, ta jingina shi a jikin allo. Ni ina can baya kusa da ƙofa, na riga na duba ta inda za mu fitar da shi in abu ya ɓaci.

Yaya ta yi bayani a taƙaice: kowace allura yaro ne, ga ƙarfe a nan, ga inda cutar ta bi. Wani ya yi ihu daga baya, “Nawa suka ba ki?” Ba ta ko dube shi ba. Ta ce duk wanda ɗansa ya kwanta ya zo ya duba ko allurarsa na kan gidansa, in ta yi ƙarya ya cire. Mata uku suka fito suka duba, kowacce ta ga allurarta a kan gidanta, suka koma suka zauna.

Sannan Baba ya karɓi makirfo. 

“Kun san ni,” in ji shi. “Takardar da ke hannun wancan bawan Allah gaskiya ce, ruwa na fita daga matata da tsabta. Taswirar hukuma ce ba daidai ba, kuma ni na sa ta zama ba daidai ba. Layin nan da kuke gani bututuna ne. Ni na shimfiɗa shi, ni na karkatar da shi ta inda kwata take yanzu, ban kuma gaya wa kowa ba.”

Ya faɗi shekarar, ya faɗi dalili, bai yi wa kansa ado ba, bai kuma ce tsohuwar ce ta sa shi ba. Can sai wani daga cikin 'yan Mai Lasifika ya kwashe da dariya ya ce, “Kai! Ba Yoyo, ashe dai akwai yoyo!”

Wasu suka yi dariya. Ni kuwa ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi, har na fara kutsawa gaba in ga wane marar kunya ne. Baba ya juya ya dube shi.

“Akwai,” in ji shi. “Taku goma sha bakwai daga ƙofar tsohon gidan burodi, ta hannun hagu, zurfin ƙugu. A zo a haƙa. In ba a same shi a nan ba, ku kayar da ƙarfen, ku haɗa da ni.”

Hayaniya ta tashi. Mai Lasifika na cewa dabara ce, Mai Fili na cewa ai dama ya faɗa, alhali ba abin da ya faɗa. Sai na ga mutane na darewa, wani na tahowa ta tsakiya. Mai Wanki ne. Tun rasuwar 'yarsa ba wanda ya ji maganarsa. Dogo ne, hannayensa duk sun yi fari saboda sabulu. Ya zo ya tsaya gaban Baba, kusa ƙwarai, ni dai na ce shi ke nan, yau za a yi ta. Ya dubi kwalin, ya sa yatsa a kan allurar ƙarshe, wadda ke kan gidansa. Sannan ya ɗago ya dubi Baba.

“Ina da sauran biyu a gida,” in ji shi. “Zo ka nuna min wurin.”

Ba wanda ya rufe taron, watsewa ya yi da kansa. Duk zauren ya bi su a baya, 'yan takara ma dole suka biyo, don ba wanda ya rage da za su yi wa jawabi. Baba ya tsaya a ƙofar tsohon gidan burodi, ya ƙirga taku goma sha bakwai da ƙarfi, jama'a na ƙirgawa tare da shi, ya ja layi da ƙafa. Injiniya ta cire tabarau ta goge, ta kira wani a waya ta yi magana minti biyu, sannan ta ce, “Murfin kwata ne, ba titi ba. A ɗaga. Ni zan amsa tambaya.” Aka kawo diga da shebur. Mai Wanki ne ya fara sara.

Wari ya taso, mata suka toshe hanci da mayafi, amma ba wadda ta tafi. Baba da shekarunsa ya naɗe wando ya shiga ramin, baƙin ruwa har gwiwa, ya sa hannu yana lalube. Minti ashirin babu komai. Ni ina tsaye ina addu'a iri biyu masu karo da juna: Allah ya sa kada a samu, Allah ya sa a samu. Can sai ya tsaya, ya ce a miƙo masa bokiti. Aka kwashe ruwa, sai ga shi: tsohon bututu, ya yi gwiwa daidai yadda alluran suka yi, da tsaga a cikinsa mai tsawon tafin hannu. Ruwa mai tsabta na fesowa siriri a cikin baƙin.

Wata mata ta saki salati. Injiniya ta durƙusa ta ɗauki hoto, ta duba gefen kwatar inda simintin ya dare, ta tambaya ko wata babbar mota ta taɓa tsayawa a nan. Mai shayin bakin layi ya ce ƙwarai, motar da ta kawo ƙarafan sabis kwana biyu ta yi a wurin da kayanta. Nauyinta ne ya tsaga bututun, to kun ji yadda aka yi lokacin ya zo ɗaya. Mai Lasifika ya buɗe baki zai ce ai ga shi ƙarfen ne, sai Baba ya ɗago daga cikin rami ya ce, “Da bututun na inda takarda ta ce, ko mota goma ce ta tsaya a nan ba abin da zai same shi. Kada ka ɗauke min laifina, Alhaji, nawa ne.”

A ranar aka rufe layin, aka kawo ruwa a tanka. Cikin kwana huɗu aka sa sabon bututu ta tsakiyar titi. Sati na zagayowa Yaya ta zo ta ce kwana uku ke nan ba a kawo mata yaro ko ɗaya ba, ta zauna a bencina ta yi kuka, ita da ban taɓa ganin hawayenta ba. Ni kuma na bi guruf huɗun nan ɗaya bayan ɗaya na yi saƙon murya da muryata, na faɗi ko ni wace ce, na ce abin da na turo ƙarya ne, ga abin da aka gani da ido. Kunya kamar in nutse, amma 'yar wa nake?

Ba zan ce muku kowa ya yafe ba. Akwai waɗanda suka daina gaishe da Baba, akwai matan da suka kwashe ɗinkinsu daga shagona. Mai Wanki yakan ɗaga masa hannu in sun haɗu, amma ba ya tsayawa, kuma Baba bai taɓa neman fiye da haka ba. Zaɓe kuwa aka yi shi, amma maganar ƙarfe ta mutu tun ranar. A muhawara ta biyu ba wanda ya yi tafi don an ɗaga murya. Tambaya ɗaya mutane suka riƙa yi wa 'yan takara: bututu nawa ne a garin nan suka haura shekara talatin, kuma yaushe za a canza su? Duk su biyun sai da suka koma suka yi karatu. A bencina ma abin ya canza. Mace ta kawo labari da zafinsa, sai ki ji wata ta ce, “Ina alluranki?”

Ran Litinin bayan haƙan, Baba ya shigo shago da rigar a hannu, an wanke ta, ya ajiye a kan keke.

“Warware min rubutun nan.”

“Baba, haba.”

“Ƙarya ne yanzu, Auta. Ba na yawo da ƙarya a bayana.”

Na ɗauki reza na bi jan zaren harafi-harafi, ina yi ina share ido, yana tsaye a kaina har na gama. Ya karɓa ya saka. A waje Injiniya na jiransa da mota da taswira a naɗe, ta roƙe shi ya zagaya gari da ita ya nuna mata ko akwai wani wurin da ƙasa ta saɓa wa takarda. Ina jin su ta taga. Ta ce, “Baba, kana ganin akwai wani bayan wannan?”

“Goma sha ɗaya,” in ji shi. “Bakwai nawa ne, huɗu na abokan aikina da suka rasu. Duk rubuta su da sunana, su ba sa nan balle su amsa.”

Jiya wata baƙuwa ta kawo ɗinki, sabuwar tarewa ce a unguwar. Ina auna ta tana kallon Baba da ke wucewa da sifanarsa a aljihu, bayan rigarsa fayau. Ta rage murya ta ce, “Wai wancan ne tsohon da aka ce bututunsa ya sa wa yara cuta?”

Na cire tef daga kafaɗarta, na dube ta sosai.

“Shi ne,” na ce. “Shi ne kuma ya tashi a gaban gari ya nuna inda za a haƙa. Ubana ne. Ɗaga hannu in auna.”